Keken tsere na hannu: abin da mai saye zai duba kafin ya biya

Galibin kekunan tsere da ake jingine wa bango a kasuwannin Kwatano, Lome, Duwala, Kumasi da Wagadugu ba sababbi ba ne. An hau su shekaru a Faransa, Beljiyam, Holan ko Ingila, sannan aka cusa su cikin kwantena tare da firji da tayoyin mota, suka sauka a tashar jiragen ruwa. Daga nan manyan motoci ke yin arewa da su, har Faraku, Garwa, Tamale da Njamena. A Burkina Faso da Kodebuwa irin wannan kaya ana ce masa « France au revoir », a Kamaru « occasion », a Najeriya kuma ɗan Beljiyam.

Masu neman sa sun kasu biyu, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke da bukatun biyu: yana son abin da zai kai shi wurin aiki ko makaranta ba tare da kuɗin mai ba, ranar Asabar ko Lahadi da safe kuma ya bi abokai su yi kilomita arba'in ko sittin a kan kwalta. Wasan tseren keke ma ba baƙo ba ne a yankin. Tun 1987 ake yin Tour du Faso, Kamaru da Benin na da nasu zagayen, ɗan ƙasar Eritriya Biniam Girmay ya ci koriyar riga a Tour de France na 2024, sannan a watan Satumban 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar duniya ta tseren keke a kan titi, karon farko a Afirka.

Inda asarar take shi ne bayan saye. Mutum ya tara kuɗin watanni, ya ɗauki keke mai sheƙi, bayan mako uku taya ta fashe, ya zagaye garin bai samu irin ta ba, keke ya koma rataye a zaure. Saboda haka araha a nan ba farashin ranar ciniki kaɗai ba ne. Keke mai araha shi ne wanda ya yi daidai da tsawonka, gangar jikinsa lafiya lau, kuma garin da kake zaune zai iya ci gaba da gyara maka shi.

Da farko, dubi hanyarka

Keken tsere, wato mai siraran tayoyi da kai mai lanƙwasa kamar ƙahon rago, don kwalta aka yi shi. Idan rabin hanyarka ta kullum burji ce ko yashi, kamar yadda take a unguwanni da yawa na bayan gari, gaskiya ita ce ba shi ne abin hawanka ba. Tsohon VTT mai taya inci 26, wanda ba shi da sifirin a gaba, ko VTC, idan aka sa masa taya mai sulɓi, zai fi yi maka aiki, kuma kayan gyaransa sun fi samuwa. Wanda kuwa yawancin hanyarsa kwalta ce, ko da akwai ramuka da ƴan wuraren da aka shimfiɗa da pavés, keken tsere zai ɗauke shi, muddin ya karɓi taya mai ɗan kauri. Za mu zo kan wannan.

Girma: abin da bakanike ba ya iya gyarawa

Sarƙa, taya, birki, duk ana sauya su. Girman gangar keken, wadda masu gyara ke kira firam ko cadre, ba ya sauyuwa. Wanda ya ɗauki firam da ya fi ƙarfinsa don kawai ya yi araha zai biya da ciwon baya, wuya da gwiwa, kuma ba zai daɗe ba zai daina hawa.

Kafin ka je kasuwa, ka ari tef ɗin tela. Ka tsaya ba takalmi, bayanka a jikin bango, ka matse littafi a tsakanin cinyoyinka kamar sirdi, wani ya auna maka daga ƙasa zuwa saman littafin. Abin da aka samu a santimita ka ninka shi da 0.66, sakamakon shi ne kusan girman firam ɗin da ya dace da kai. Wanda ya samu 82, alal misali, firam 54 zai nema. Tsofaffin kekuna da bututunsu na sama yake a miƙe, ana auna su ne daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa inda sandar sirdi ke shiga. Na zamani da bututun ya gangaro baya, sau da yawa S, M ko L kawai za ka gani a jiki, kuma M na wani kamfani ba lallai ya zama M na wani ba.

Don haka lissafi kaɗai bai isa ba, sai an hau. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka: a tsohon firam, ya kamata yatsu biyu su shiga tsakaninka da bututun sama. Ka zauna a sirdi ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ka karkace ƙugu ba. Ka kama kan keken ta inda hannayen birki suke. Idan sai ka miƙe hannu gaba ɗaya kafin ka kai, ya yi maka tsawo. In ka rasa daidai, wanda ya ɗan yi maka ƙanƙanta ya fi wanda ya yi maka girma, domin ana iya ɗaga sirdi a sa wuya mai tsawo. A kula dai, jikin sandar sirdi akwai layin da ke nuna iyakar da za a iya fito da ita. Idan sai an wuce layin kafin keken ya yi maka, to ba naka ba ne.

Masu matsakaicin tsawo, musamman mata da matasa, su san cewa abin da ke zuwa daga Holan da Jamus yawanci manya ne. Ƙaramin firam ba ya daɗewa a hannun mai sayarwa, kuma ba ya rage masa kuɗi sosai.

Ƙarfe, alminiyum ko kabon

Ƙaramin maganaɗisu a aljihu zai raba gardama: yana manne wa firam na ƙarfe, ba ya kama alminiyum ko kabon.

Na ƙarfe ya fi nauyi kaɗan, amma ya fi haƙuri. Yana lanƙwasa kafin ya karye, ana iya miƙe shi, mai walda da ya san aikinsa kuma yana iya ɗinke shi da tagulla. Abokin gabansa tsatsa ne, musamman a garuruwan bakin teku. Tsatsar sama da ake gogewa ta fita ba komai ba ce. Wadda ta kumbura fenti, ko ta ci ƙarƙashin firam wajen feda, ita ce abin tsoro. Idan ka ga tambarin Reynolds, Columbus ko Vitus a jikin bututu, alama ce ta ƙarfe mai kyau.

Alminiyum shi ne ya fi yawa a kekunan da aka ƙera daga wajejen shekarar 2000 zuwa yau, irin su Triban na Decathlon da ƙananan samfuran Giant, Trek da Specialized. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, kuma a ganina nan ne mai kuɗi kaɗan ya fi samun abin da yake nema. Aibinsa ɗaya: idan ya tsage, ya ƙare. Waldar bakin titi ba ta riƙe shi, domin yana bukatar na'ura ta musamman da kuma gashi bayan walda kafin ƙarfinsa ya dawo. Duk wanda ya ce maka « ai ƙaramin tsagu ne, za a like », keken da zai karye da kai yake sayar maka.

Kabon kuwa, mai neman araha ya bar shi. Ba wai ba shi da kyau ba ne. Matsalar ita ce yana iya samun rauni a ciki fenti na nan sumul, kuma keken da ya yi makonni a ƙarƙashin kaya cikin kwantena ba wanda zai iya rantsewa a kansa. Yawancin kekunan alminiyum ma ƙafarsu ta gaba, wato fourche, ta kabon ce. Wannan ba dalilin fasa saye ba ne, amma a duba ta da tocila tun daga sama har ƙasa. Tsagu, ko wurin da ya yi laushi idan aka danna, ya isa a haƙura.

Yadda ake duba firam

Ka nemi a goge keken, ko ka goge da kanka, a fito da shi rana. Ka fara da bayan wuyan keke, inda bututun sama da na ƙasa suka haɗu da na gaba. Ka shafa ƙarƙashinsu da yatsa. Idan ka ji tudu ko lanƙwasa, ko ka ga fenti ya tsattsage a zagaye, keken ya taɓa yin karo da gaba. Ka tsaya a gefe ka dubi fourche: ya kamata samanta ya bi layi ɗaya da wuyan, kada ta koma baya wajen firam. Sannan ka bi duk wuraren walda ɗaya bayan ɗaya, musamman kewayen feda, inda sandar sirdi ke shiga, da inda wilin baya ke ɗaure. Tsagu yakan fito kamar silin gashi baƙi. Sabon fenti ko sitika a wuri ɗaya tak abin tambaya ne.

Akwai gwajin da masu saye ke mantawa, kuma shi ya fi jawo nadama: a kwance notin sirdi a ga ko sandar tana motsi. Sandar alminiyum da ta yi shekaru cikin firam na ƙarfe ba giris takan manne kamar an yi mata walda. Wani lokaci mai da haƙuri na fitar da ita, wani lokaci sai an yanka. Idan ba ta motsa a gabanka ba, kuma tsayinta bai yi maka ba, kada ka karɓi alkawarin « za ta fita ». Haka ma wuyan kan keke a tsofaffin kekuna.

Daga baya, ka tsuguna ka dubi abin da ke sauya giya, dérailleur. Ya kamata ya rataya a miƙe, daidai da faifan haƙora. Yawanci a kwantena yake bugewa ya karkata ciki. A firam na ƙarfe miƙewa ake yi. A na alminiyum wani ɗan ƙarfe ne dabam ke riƙe da shi, patte de dérailleur, kuma kusan kowane samfuri da irin nasa. Ya kan jure miƙewa sau ɗaya, a karo na biyu ya karye, samun madadinsa kuma sai an aika Turai ko an yi oda ta intanet.

Lambar taya: 622

Wannan ne wurin da ya fi cutar mutanenmu, don haka a tsaya a kai. A gefen kowace taya akwai lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 25-622. Ta farko faɗin tayar ne a milimita, ta biyu kuma faɗin bakin rim ɗin da take zama a kai. Keken tsere na zamani 622 ne, wanda ake rubutawa 700C. Shi kaɗai za ka saya.

Ruɗanin yana zuwa ne daga kalmar « 28 ». Baƙin keken da muka saba da shi, irin Raleigh da Phoenix, tayarsa 28 x 1½ ce, lambarta 635. Jamusawa da wasu ƙasashen Turai kuma 622 ɗin ma 28 suke ce mata. Mai shago zai miƙo maka ta baƙin keke ya ce 28 ce, amma ta fi rim ɗinka da milimita 13, ba za ta zauna ba. Tsofaffin kekunan Ingila da Amurka kuma suna zuwa da inci 27, lambarta 630, wadda yanzu a Turai ma ba ko'ina ake samun ta ba. Wasu tsofaffin na Faransa 650B ne, wato 584. Duk waɗannan ba sa shiga wa juna. Kada ka yarda da ido, ka karanta lambar.

Akwai tarko na biyu. Tsofaffin kekunan tsere na gaske sukan zo da boyaux: taya ce da aka ɗinke tub a cikinta, aka manna ta a rim da gam. Rim ɗinta ba shi da leɓen da ke riƙe taya ta yau da kullum. Mai faci na unguwa ba zai iya da ita ba, kuma sauyawa na nufin sayen wili biyu. Ka sace iskar ka gwada ɗaga gefen tayar: idan ba ta da baki, a manne take kewaye, boyau ce.

Game da faɗi, yawancin kekunan suna zuwa da 23. A titunanmu 28 ta fi, 32 ta fi ta idan za ta shiga. Taya mai kauri ta fi shanye gargada, kuma ba ta cika samun hudar nan biyu a jere ba, mai kama da saran maciji, wadda ke faruwa idan rim ya matse tub a bakin rami. Sai dai ba kowane firam ke karɓa ba. Kekunan tsere da yawa na shekarun 1990 da 2000 iyakarsu 25, alhali tsofaffin na ƙarfe sukan ɗauki 28 ko fiye. Ka dubi tazarar da ke tsakanin taya da birki, da tsakanin taya da firam ta baya. Idan da taya 23 ma da ƙyar takarda ke wucewa, kada ka sa ran ƙari. Wanda ke bin gefen titi inda tsidau da kashin yawo suke, kuɗin taya mai kariya daga huda ba asara ba ne.

Bawul ma a duba. Keken tsere na amfani da siriri mai ɗan noti a kai, Presta, wanda ake kira valve française. Injin iskar mai faci na bawul ɗin mota da babur ne. Ɗan ƙaramin adafta na tagulla ya magance wannan. A saye shi rana ɗaya da keken, a bar shi ɗaure a bawul. Wasu suna faɗaɗa hudar rim don bawul ɗin babur ya shiga, amma a siririn rim hakan na raunana shi.

Wilin kansa, a ɗaga a juya shi ana kallon tazararsa da robar birki. Ƴar rawa ta milimita ɗaya ko biyu mai gyara zai daidaita. Wanda ya yi tsalle sama da ƙasa, ko ya lotse a gefe, ya sha rami. A matsa wayoyin wilin bibbiyu a ji ko akwai sakakku, a dubi inda suke shiga rim ko ya tsage. A shafa gefen rim inda birki ke kamawa: idan ya yi kwari kamar cokali, ya cinye, kuma irin sa ne ke fashewa ana cikin tafiya. Wili mai wayoyi 32 na yau da kullum ya fi na ƙawa mai wayoyi 16 ko 20, domin idan ɗaya ta tsinke za ka isa gida, kuma za a samu madadinta. Rim na ƙarfe mai ƙyalli, da ake gani a tsofaffin kekuna masu araha, birki ba ya kama shi idan ya jiƙe. Mazauna Duwala da Abijan su tuna da wannan.

Giya: kaɗan ta fi

Kayan Shimano na keken tsere hawa-hawa ne: Claris mai giya 8 a baya, Sora 9, Tiagra 10, sai 105, Ultegra da Dura-Ace masu 11 ko 12. Mai sayarwa zai nuna maka sunan da ya fi tsada ya ƙara kuɗi. Ga wanda ke zaune a Marwa ko Tamale, lissafin a juye yake. Sarƙar giya 6, 7 da 8 iri ɗaya ce, kuma ita ce ke kan yawancin VTT da ke cike da kasuwa. Har zuwa giya 9, dérailleur ɗin baya na Shimano na VTT yana aiki da hannun giyar keken tsere. Ma'ana, idan naka ya lalace, za ka samu na kwance a garinku. Daga 10 zuwa sama sarƙa na ƙara sirancewa, tana saurin cinyewa a ƙura, kuma komai sai nasa. Campagnolo na Italiya kaya ne masu inganci, amma ba sa haɗuwa da na Shimano, kuma samun su a yankin wahala ne. Kayan sama ma ba su tsira daga matsala ba: a 2023 kamfanin Shimano ya yi kiran a kawo wasu sandunan feda na Ultegra da Dura-Ace masu giya 11, waɗanda aka ƙera kafin Yulin 2019, domin a duba su, saboda wasu na rabewa. Keken da ya shigo ta kwantena ba lallai ya bi ta wannan dubawa ba.

Hannun giya iri biyu ne. Na zamani a haɗe yake da hannun birki. Yana da daɗi, amma shi ne abu mafi tsada a jikin keke mai araha, kuma ba a cika gyara cikinsa ba. Ka gwada kowace giya, hawa da sauka, gaba da baya. Idan hannun yana tafiya ba ya kamawa, sau da yawa tsohon giris ne ya daskare, feshin mai na sake shi. Amma a yi wannan a gabanka kafin ka biya. Tsohon salo, ƴan sanduna biyu a jikin bututun ƙasa, ba shi da kyan gani ga matasa, sai dai kusan ba ya lalacewa kuma yana aiki da kowane irin dérailleur.

Sarƙa kuma ana auna ta. Daga tsakiyar ƙusa ɗaya zuwa tsakiyar ta 21, sabuwar sarƙa santimita 25.4 ce. Idan ta kai 25.5 lokacin sauyawa ya yi. Idan ta wuce 25.6, mai yiwuwa ta riga ta cinye haƙoran baya, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu, don haka kuɗin biyun za ka cire daga farashi. Haƙoran da suka yi tsini suka karkata gefe ɗaya sun gama aiki.

Faifan gaba ma ya danganta da gari. Tsofaffin kekuna na zuwa da haƙora 52 da 42, wanda ya isa a shimfiɗaɗɗen wuri kamar Njamena. A tuddan Yawunde kuwa, 50 da 34 ne zai hana ka sauka kana turawa.

Tsofaffin Peugeot, Motobécane da Gitane

Suna da farin jini a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, kuma da yawansu kekuna ne masu daɗin hawa. Amma waɗanda aka ƙera kafin wajejen farkon shekarun 1980 suna bin ma'aunin Faransa na da, wanda aka daina. Zaren ɗaurin inda feda ke juyawa dabam ne, wuyan kan keke milimita 22.0 ne maimakon 22.2, zaren feda ma dabam. Bambancin kaɗan ne a ido, shi ya sa bakanike mai gaggawa ke tilasta sabon kaya ya shiga, ya lalata zaren gaba ɗaya. Dérailleur ɗin Simplex na baƙar roba da ke kan da yawansu kuma yana tsagewa da tsufa. Idan komai na aiki kuma farashin ya faɗi sosai, a saya, a sani cewa ranar gyara sai an nemi wani irin sa a ciro kaya. Ga wanda keken ne kaɗai abin zuwa aikinsa, ban ba da shawara ba.

Boris, birki da gwajin hawa

Ka kama birkin gaba ka tura keken gaba da baya: ƙwas-ƙwas a wuya na nufin boris ya saki. Ka girgiza kowane wili gefe da gefe, haka ma sandar feda. Sassauci kaɗan ɗauri ne da giris. Ƙara kamar ana niƙa yashi kuwa sauyi ne. Robar birki da wayoyi ba su da tsada, ka ɗauka cewa za ka sauya su. Birkin faifai mai aiki da mai, a keke mai araha, ƙarin wahala ne. Na roba da waya kowane mai gyara ya san shi.

Kafin ka hau, ka tabbatar wane hannu ke kama wace taya. A kekunan Faransa da yawancin Turai hannun dama na baya ne. A na Ingila da Japan hannun dama na gaba ne. Wanda ya saba da ɗaya ya damƙe ɗayan da ƙarfi a guje, ta kan keken zai wuce. Masu saye a Ghana, inda kayan ke zuwa daga ɓangarorin biyu, su fi kula.

Mai sayarwar da ya hana ka hawa ko da na minti biyar ne, ka bar masa kayansa. A wurin da ba motoci, ka sassauta riƙon kan keken ka ga ko yana ja gefe ɗaya. Ka miƙe tsaye ka taka da ƙarfi, ka saurari ƙara.

Ciniki da takarda

Kada ka kashe duk abin da ka tanada a kan keken kansa. Wanda ke da jaka ɗari, alal misali, ya nemi na saba'in ko saba'in da biyar, ragowar ta tafi ga taya, tub biyu, sarƙa, robar birki, kuɗin mai gyara, fitila gaba da baya, da makulli. Duk aibin da ka gano, ka faɗe shi da kuɗinsa kafin ka yi tayi. Ya fi ƙarfi a ciniki fiye da cewa « ya yi tsada ». Zuwa da mai gyaran keken unguwarku, a biya shi ɗan abin da ya samu, ya fi dogaro da dillalin da la'adarsa ke jiran a sallama. Shi ne kuma zai gaya maka gaskiyar abin da ake samu a kasuwar garin.

Lambar firam tana ƙarƙashin keken, inda feda ke juyawa. Idan an goge ta ko an kankare, kada ka saya ko nawa ne. A rubuta rasit da wannan lamba, da sunan mai sayarwa da shaida, ka ɗauki hotonsa a waya. Ga masu tsallaka iyaka zuwa wajen dangi ko kasuwa, wannan takarda ce amsar tambayar jami'in kan hanya. A Faransa, tun 1 ga Janairun 2021 doka ta wajabta wa shaguna sa lambar shaida a jikin sabon keke, daga 1 ga Yulin shekarar kuma har da na hannu da suke sayarwa. Keken da ke ɗauke da irin wannan lamba, kamar ta Bicycode, ana iya duba ta a intanet a ga ko an ba da rahoton sace shi.

Don zuwa aiki, ka duba ko firam ɗin na da ƴan hudoji kusa da inda wilin baya ke ɗaure. Su ne wurin ɗaura kariya da makarin taɓo, kuma kekunan tsere zalla ba su da su. Fedar da ke bukatar takalmi na musamman a cire ta a sa ta yau da kullum, a ajiye ta don ranar da aka saba. Hular kwano a sayi sabuwa idan da hali, domin ta gwanjo ba a san faɗuwar da ta sha ba. Mai sa dogon wando ko jallabiya ya ɗaure ƙafar dama, faifan gaba ba shi da murfi.

A makon farko a kai keken a buɗe boris na wili, na wuya da na feda a sa sabon giris, a shafa wa sandar sirdi ma kafin a mayar. Lokacin hunturu kada a jiƙa sarƙa da baƙin man inji kamar yadda aka saba yi wa baƙin keke: ƙura na manne masa ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ɗigo ɗaya na mai mara kauri a kowace gaɓa, a juya feda, sannan a goge na waje da tsumma har sarƙar ta kusa bushewa.